Daga Goron Gwanja Zuwa Tayar Mota

A 1888, a birnin Belfast, wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya naɗa wa ƙafafun keken ɗansa bututun roba, ya hura masa iska, don yaron ya daina jin jijjiga. Ba da daɗewa ba Turai ta haukace da hawan keke, masana'antu suka shiga neman danƙo ruwa a jallo.

A lokacin, Salaga, da ke ƙasar Ghana ta yau, tana cikin magagi. Garin da ayarin fatake daga Kano da Katsina ke ratsowa ta Yendi su sauka a zangonsa, su sauke kanwa da tufafi su ɗauki goron Gwanja, ya fara rasa kasuwarsa tun da Ingila ta ƙone Kumasi a 1874. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa shi. Hausawa suka watse, da yawa suka koma Kete-Krachi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, dajin nan na kudu da ke ba da goro, a cikinsa akwai wata bishiya da mutanen Akan ke kira ofruntum, wadda daga sunanta masana suka samo Funtumia. In an tsaga bawonta, farin ruwa ke zuba kamar nono. Mutanen ƙasar, ba Turawa ba, su suka shiga daji suna tatsa, suna daskarar da shi curi-curi, 'yan dako na ɗauka a ka har bakin teku. Cikin shekarun 1890 ƙasar ta shiga sahun manyan masu fitar da danƙo a duniya. Sai zalama ta shigo: ana yi wa itace tsaga har ya mutu, wasu ma su sare shi ɗungurungum. Ga kuma gonakin Malaya, waɗanda asalinsu iri 70,000 ne da Henry Wickham ya kwaso daga Brazil a 1876. Da suka fara ba da amfani farashi ya karye, manoma suka juya ga koko.

Danƙo kaɗai ba ya zama taya. Sai an gasa shi da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya gano a 1839, kafin ya daina narkewa a rana. Baƙin da muke gani kuwa wani gari ne mai kama da kunkunniya, shi ke hana ta saurin suɗewa. A ciki akwai zaren nailan ko foliyesta hawa-hawa, ga zoben waya da ke riƙe ta a jikin rim. Tun da kamfanin Michelin ya fito da sabon ɗinki a 1946, aka soma shimfiɗa ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin inda ke taka ƙasa.

Ghana ta taɓa ƙera tata tayar a masana'antar Bonsa, kusa da Tarkwa, wadda Firestone ya gudanar na wasu shekaru. Injinan sun daɗe da yin shiru. Motocin da ke jigilar doya daga Salaga da albasa daga Bawku, tayar waje suke takawa, da yawa ma kwance ce.

In taya ta ƙare, mai faci ya sallama ta, tyub ya zama guga ko igiyar ɗaure kaya. Mai yankan takalmi kuwa sai ya fara dubawa: mai zare yake so, don mai waya tana cinye masa wuƙa.