Batirin kwamfuta: me ya sa ake cewa a tsaida caji a kashi 80?

Ɗaliban Jami'ar Diffa, ma'aikatan ofisoshi da masu shagunan buga takardu, da yawansu kuka ɗaya suke yi: kwamfutar da a da take yin awa uku babu kuran, yanzu ko rabin awa ba ta kaiwa. Wasu na ɗora laifin kan caja. Sau da yawa kuwa, yadda muke barin batirin a cike dare da rana ne ke cinye shi.

Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu batirin litiyom ne a cikinsu. Abu biyu ke saurin tsufar da shi: daɗewa a cike tam, da zafi. In suka haɗu, sinadaran ciki na lalacewa da sauri, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kamfanin Apple da kansa yana gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. To, mu nan Diffa, a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40. Ka ga ke nan wanda ya bar kwamfuta jone da wuta a ɗaki mai rufin kwano, ya haɗa mata biyun a lokaci guda.

Shi ya sa kamfanoni suka saka hanyar tsaida caji kafin batir ya cika. A HP irin su EliteBook da ProBook, ana danna F10 lokacin kunnawa, a nemi Battery Health Manager, a zaɓi tsayawa a kashi 80. Lenovo na da Conservation Mode cikin manhajar Lenovo Vantage. Asus na ba da zaɓin 60, 80 ko 100 cikin MyASUS. Dell kuma yana barin mutum ya sa iyakar da kansa. Bayan an saita, kwamfutar na ci gaba da aiki da kuran, batirin yana hutawa. In ka ga ya tsaya a 80 ya ƙi gaba, ba lalacewa ya yi ba.

Amma fa shawarar 60 ta fi dacewa da inda wuta ba ta yankewa. A nan, wanda aka ɗauke wa kuran tsakiyar aiki da batir a 60, shi ya san abin da ya rasa. A ganinmu 80 ta fi. Mai sola a gida ko a ofis, wanda kwamfutarsa ke jone yini guda, shi ya fi kowa cin ribar wannan saitin. Ranar da kuma za ka fita aiki ƙauyukan bakin Komadugu, ko tafiya Maine Sorowa ko N'Guigmi, cire iyakar ka cika shi 100, babu laifi. Cikawar kwana ɗaya ba ita ke kashe batir ba, zaman watanni a cike ne.

Kada a ɗora kwamfuta kan katifa ko darduma tana aiki, don kafofin iskarta a ƙasa suke, ƙurar hunturu ma na toshe su. In ka lura wurin da ake jan yatsa ya taso, ko murfin ƙasa ya buɗe, batirin ya kumbura ne. Cire caja nan take, kar ka matsa shi ko ka huda shi, yana iya kama wuta. Kai ta wurin mai gyara a canza shi.