Ƙaramin Injin Casar Shinkafa Na Gida: Mai Ƙarfe Ko Mai Roba?

Bayan girbin bara, kawuna da ke noma a gefen Tiga ya kira ni ya ce in duba masa a waya, yana son sayen ƙaramin injin casar shinkafa ya ajiye a gida. Ya gaji da ɗora buhunan shanshera a mota zuwa Tudun Wada, ya biya kuɗin mota, ya biya na inji, ya wuni a layi. Ni sana'ata rubuta manhaja ce, amma a gidanmu duk wanda ya iya kwamfuta shi ake turawa binciken komai. Na ga kuma tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwansa ke shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ga kuma shinkafar damina ta Tudun Wada da Doguwa. Gidaje da yawa suna da shansherar da za su casa.

Injinan da suka dace da gida su ne waɗanda ake zuba wa shanshera ta sama, shinkafa ta fito ta ƙasa a zubi ɗaya. Iri biyu ne, kuma bambancinsu yana ciki, ba a fenti ba.

Na farko shi ne mai ƙarfe. A cikinsa akwai doguwar sandar ƙarfe mai tudu-tudu da ke juyawa a cikin rariya, tana matse ƙwayoyin suna gogar juna har buntu ya fita, dusa ma ta fita, duk a ɗaki ɗaya. Wani ɗan ƙasar Burazil, Evaristo Engelberg, shi ya ƙirƙiro wannan tsari a 1885, shi ya sa har yau ake kiran irinsa da sunansa. Ƙananan injinan Chana da ake tallatawa a Facebook, irin su 6N40, jikokinsa ne, an dai rage musu girma.

Na biyu mai roba ne, wanda aka fi sani da SB-10 ko SB-30. A samansa akwai robobi biyu da ke juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ta fi ɗaya sauri. Idan ƙwaya ta ratsa tsakaninsu, wannan bambancin saurin ne ke zare mata buntu kamar an tuɓe riga. Fanka ta hure buntun waje, sannan ƙwayar ta gangara ɗaki na biyu a goge mata dusa. Zubi ɗaya ne, amma aiki biyu ne a jere.

A alƙaluman cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne, kusan kashi 10 kuma dusa. Mai ƙarfe yakan ba da shinkafa kilo 53 zuwa 55 daga kilo 100, kuma mafi yawanta a karye. Mai roba yakan haura kilo 60. Da na ga haka na ɗauka magana ta ƙare, har na kusa ce wa kawu ya nemi mai roba kawai.

Matarsa ce ta tsayar da ni da tambaya ɗaya: shin lissafin nan na shinkafar gumi ne ko na ɗanya?

A nan duk maganar take. Waɗancan alƙaluman na ɗanyar shanshera ne, wadda ba a jiƙa aka turara ba. Gumi kuwa yana dafa sitacin da ke cikin ƙwaya, ya toshe tsagar da ke jikinta, idan ta bushe ta yi tauri sosai, buntun ma ya saki jiki. Irin wannan ƙwayar tana jure matsin ƙarfe ba tare da ta farfashe ba. Shi ya sa tsohon inji mai ƙarfe bai mutu a ƙasar Kano ba, duk da cewa a wasu ƙasashen Asiya an daɗe da barinsa: mu yawancin shinkafar da muke dafawa ta gumi ce. Ɗanyar da muke casawa kuma galibi ta tuwo ce da waina, inda karyewa ba ta dami kowa ba, tunda dama tuƙe ta za a yi ko a niƙa. Wanda mai roba ya zama masa dole shi ne mai son kai fara doguwa kasuwa, musamman irin Sipi, wato FARO 44, mai dogon jiki da saurin karyewa. Shi da mai kiwon kaji, domin mai ƙarfe yana cakuɗa dusa da niƙaƙƙen buntu, buntu kuwa ba abincin kirki ba ne ga kaza.

Sai maganar girma, inda na ɗan yi lissafina na masu kwamfuta. A ce gida yana da buhu 30 mai kilo 100, wato tan 3. Ƙaramin inji da ke cin kilo 150 a awa zai gama shi cikin awa 20, a rarraba a shekara guda. SB-10, da ke iya cin sama da rabin tan a awa, zai lashe shi a wuni ɗaya ya zauna yana tsatsa. Idan ba casa za ka riƙa yi wa maƙwabta a biya ka ba, kuɗin da ka ƙara ya kwanta.

Wuta ita ce ke yaudarar mutane da yawa. 6N40 yana zuwa da moto mai kilowat 2.2 da ke aiki da wutar gida. Sai mutum ya ce ai janaretona ya kai haka. To moton lantarki a lokacin tashi yakan ja ninki biyar ko fiye na wutar da yake ci idan ya daidaita, don haka ƙaramin janareto zai yi ta nishi ya mutu, ko moton ya yi zafi ya ƙone idan wutar ba ta da ƙarfi. SB-10 kuwa yana son moto mai kilowat 11 zuwa sama da wuta mai layi uku, ko injin gas a gefe da bel. A ƙauyen da wuta ba ta zama, ni dai na fi ganin hikimar haɗa ƙaramin injin da na fetur kai tsaye, a bar maganar moto.

Abu biyu ne babu injin da zai gyara maka a cikinsu. Ɗaya tsakuwa: duka biyun ba sa cire ta, tana huda rariya, tana cin roba, ta kuma iso har faranti. Shanya a kan tamfol maimakon gefen kwalta ta fi duk wata dabara araha. Ɗaya kuma bushewa. Laimar da ta dace wajen casa ita ce kashi 14 cikin 100. Idan laimar ta haura haka, ƙwaya ta dame ta toshe rariya. Idan aka bar ta ta ƙone a ranar bazara, ko raɓa ta sauka mata bayan ta bushe, sai ta tsattsage tun kafin ta ga inji. Akwai ƙaramar na'urar auna laima mai batir, kuma a ganina ta fi cancantar kuɗinka a kan wani ƙarin ƙarfin inji.

Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ya nuna maka rariya, bel da roba na canji a hannu, ba a hoto ba. Robobin suna cinyewa, mai saurin ta riga ɗayar, don haka ake musanya musu wuri lokaci-lokaci. Sannan ka je da shansherarka, kilo 10 na gumi da kilo 10 na ɗanya, a casa a gabanka, ka auna abin da ya fito a sikeli, ka ɗebi tafi ɗaya ka ware karyayyu.

Haka muka yi da kawu a Kano. Ya sayi ƙaramin mai ƙarfe da injin fetur, da rariya biyu na ajiya. Buhunan Sipi da yake sayarwa fara kuwa har yanzu Tudun Wada yake kai su, wurin masu babban inji.