Doguwar Suma: Waɗanda Suka Farfaɗo Sun Leƙo Lahira Ne?

'Yar'uwa, in kin taɓa zaman jinya ko zaman makoki, da wuya a ce ba ki ji irin labarin nan ba: wance ta mutu ta dawo, har ta faɗi abin da ta gano. Ni a bakin gadon asibiti na ji shi.

Wani dare ina aikin kwana a Gusau aka kawo mana wata yarinya daga wani ƙauye a yankin Bunguɗu. A gida ta haihu, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, bugun jijiyarta ma da ƙyar muka ji shi. Surukarta har ta ja mayafi ta rufe mata fuska tana salati. Aka ƙara mata ruwa da jini leda uku, da asuba ta buɗe ido. Bayan kwana biyu ina gyara mata shimfiɗa ta riƙe hannuna ta ce, "Sista, na ga Innata da ta rasu. Wurin da haske, ba ciwo ko kaɗan. Ta ce in koma, jaririna yana kuka."

Ban ƙaryata ta ba, domin ba ita kaɗai ba ce. Tun 1975 wani likita a Amurka, Raymond Moody, ya tattara irin waɗannan labarai a littafi: haske, natsuwa, ganin dangin da suka rasu, mutum ya ji kamar ya fita daga jikinsa yana kallon kansa daga sama. A 2001 likitan zuciya Pim van Lommel na ƙasar Holan ya bincika mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su, 62 daga ciki suka ba da labari irin wannan.

To, wannan hujja ce ta rayuwa bayan mutuwa? An gwada. A binciken da Dakta Sam Parnia ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, an ɗora hotuna a kan kantoci can sama a ɗakunan asibitoci, inda sai mai kallo daga rufi zai gan su. An bi mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya a asibitoci 15. Ba a samu wanda ya faɗi abin da ke jikin hoton ba. An dai samu mutum ɗaya da ya bayyana daidai abin da aka yi a ɗakin lokacin ceto shi, amma a ɗakin nasa ba a sa hoto ba. A 2023 kuma masu bincike a Jami'ar Michigan sun ga ƙwaƙwalwar majinyata biyu cikin huɗu ta yi wani irin yunƙuri mai ƙarfi dab da cikawarsu. Wato ƙwaƙwalwar da iska ta yanke mata tana iya nuna wa mai ita abubuwa.

A nawa ganin, abin da majinyaciyata ta ji gaskiya ne a wurinta, amma bai zama shaidar lahira ba. Wanda ya farfaɗo bai mutu ba, ya dai kusa. Addininmu ma haka ya koya mana: Suratul Mu'minun ta ambaci barzahu a matsayin shamaki har ranar tashi, Suratul Isra'i kuma ta nuna sha'anin ruhi na Allah ne, abin da aka sanar da mu kaɗan ne. Imaninmu da lahira daga wahayi yake, ba ya jiran na'urar asibiti ta tabbatar da shi, ba kuma ya raguwa don an kasa ganin hoto a kan kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne mayafin nan da aka ja. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kuma sunna ce, amma sai bayan an tabbatar. Zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki, faɗuwar sukari, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, duk suna iya kwantar da mutum kamar gawa alhali da sauran numfashi. Kada ki yanke hukunci da sanyin jiki. A nemi ma'aikacin lafiya ya duba. In tana numfashi, a kwantar da ita a gefe, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu a baki, zai iya shaƙe ta. Na san halin da hanyoyinmu suke ciki, daga ƙauyukan Tsafe ba kowane dare ake iya fitowa ba. Shi ya sa mai ciki ta je awo, a kuma shirya tun da wuri inda za ta haihu da wanda zai ba ta jini.

In kuma wata taki ta farfaɗo ta kawo irin wannan labari, ki saurare ta. Kada ki yi mata dariya, kada ki ce iskoki ne, kada kuma a mai da ita abin kallo a unguwa. Yarinyar nan ta Bunguɗu sai da ta tabbatar ba kowa a kusa sannan ta faɗa mini, don tsoron a ce ta taɓu. Ranar da aka sallame ta, surukar ce ta goya jaririn.

Allah Ya sa mu cika da imani.