Hoton Talaka: Wa Ya Ɗauka, Wa Ya Amfana?

A shekarar 1992, a lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin, an raba wa matan ƙauye 62 kyamara. Manoma ne daga gundumomin Chengjiang da Luliang, da yawansu karatunsu bai yi nisa ba, kuma galibinsu ba su taɓa riƙe kyamara ba. Mata biyu ne suka shirya aikin, Caroline Wang, masaniyar kiwon lafiyar al'umma, da Mary Ann Burris ta Gidauniyar Ford, wadda ke ɗaukar nauyin wani shiri na lafiyar mata a lardin. Aka koya wa matan yadda ake sarrafa na'urar, aka ce kowacce ta je ta ɗauko rayuwarta yadda take, daga gida har gona.

Da aka wanko hotunan sai ga jariri kwance shi kaɗai a gefen gona, uwarsa na can tana aiki. Ga ƙananan yara suna wasa ba babba ko ɗaya a kusa da su. Ga yarinyar da ya kamata a ce tana aji, tana gida tana rainon ƙaninta. Matan sukan taru su baje hotunan, kowacce ta faɗi abin da ta ɗauka da dalilin da ya sa ta ɗauke shi, a rubuta maganarta a haɗa da hoton. Daga nan aka kai wa shugabannin yankin, matan da kansu suka yi bayani. A dalilin wannan aka buɗe wuraren rainon yara, aka ƙarfafa horar da ungozoma, aka kuma samar wa 'yan matan karkara tallafin karatu. Wannan tsari shi ne aka raɗa wa suna Photovoice daga baya, kuma yau ana amfani da shi a ƙasashe da dama.

Mutum zai iya cewa, ai da an tambaye su da baki ma da sun faɗa. Ba lalle ba ne. Takardar tambayoyi tana samo amsar abin da mai rubuta ta ya riga ya san zai tambaya ne kawai. Jami'in da ya taso daga birni zai tambayi yawan haihuwa, da allurar riga-kafi, da nisan asibiti. Da wuya ya tuna ya ce, wa ke kula da jariri ranar girbi? Ita kuma matar ba za ta kawo zancen ba, domin haka ta taso ta ga uwarta na yi, a wurinta ba labari ba ne. Sai da hoto ya tsayar da abin a takarda, mata goma suka zuba masa ido tare, sannan aka gane cewa damuwar ta kowa ce, kuma tana da magani.

Masana halayyar al'umma sun lura da wannan tun kafin Yunnan. A shekarun 1950 wani mai ɗaukar hoto kuma manazarci, John Collier, yana cikin ayarin Jami'ar Cornell da ke bincike a gabashin Kanada. Ya gwada hira iri biyu, ɗaya da baki kawai, ɗaya kuma da hotunan gari da wuraren aiki a gaban mai amsawa. Ya samu cewa hirar da aka yi da hoto ta fi tsawo, ta fi fito da bayani dalla-dalla, kuma mutane ba sa saurin gajiya da ita. Da hoto a tsakani, mai gida ba ya jin ana yi masa titsiye. Shi ne masanin, baƙon ne ɗalibi, domin shi ya san sunan kowane gida da kowace kwana da ke cikin hoton.

Amma wanda ya fi nuna yadda hoto ke zama hujja shi ne Lewis Hine, malamin makaranta a birnin New York wanda ya karanci ilimin zamantakewa. A 1908 ya ajiye koyarwa ya kama aiki da wani kwamiti mai yaƙi da bautar da yara a Amurka. Ƙidayar 1900 ta nuna yara kusan miliyan 1.75 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin ƙwadago a ƙasar. Alƙaluman suna nan a rubuce, ba su hana kowa barci ba. Hine ya shiga masaƙun auduga, da mahaƙar kwal, da kamfanonin gilashi, da gonaki. Masu masana'antu ba sa son ganinsa, don haka wani lokaci yakan ce shi mai duba kayan kashe gobara ne, wani lokaci mai sayar da Baibul, ko kuma injuna ya zo ɗauka. In ya samu shiga, sai ya tsayar da yaro kusa da shi ya auna tsayinsa da maɓallan rigarsa, waɗanda ya riga ya san tsayin kowanne daga ƙasa. Hannunsa na cikin aljihu yana rubutu a ɓoye: suna, shekaru, awa nawa ake yi, nawa ake biya. Akwai hotonsa na 1908 daga wata masaƙa a garin Lancaster na jihar Carolina ta Kudu, yarinya tsaye tsakanin layin injin kaɗi da tagogi, ga bayani a ƙasa cewa tsayinta inci 48 ne kuma ta yi rabin shekara tana aikin.

Wannan ɗan rubutun shi ne ƙarfin aikin. Ba don shi ba, mai masaƙa zai iya cewa yarinyar abinci ta kawo wa uwarta. Da shi kuwa, an san gari, an san kamfani, an san wata. Hotunan Hine sama da 5,000 suna ajiye yau a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka tare da bayanansu. Kuma kada a ɗauka hoto ya gama aikin nan take. Majalisa ta yi dokar taƙaita aikin yara a 1916, Kotun Ƙoli ta rushe ta a 1918, sai a 1938 aka samu dokar tarayya da ta zauna. Shekara talatin ke nan daga ranar da ya fara.

Akwai kuma inda hoto ya jawo taimako amma mai hoton ta tashi a tutar babu. A watan Maris na 1936, lokacin karayar tattalin arziki, Dorothea Lange ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙwadagon gona a Nipomo ta jihar California, ta ɗauki wata uwa da hannu a haɓa, 'ya'yanta biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Jarida ta buga, gwamnati ta aika abinci kimanin tan 9 zuwa sansanin. Kafin abincin ya iso, matar da iyalinta sun yi gaba. Lange ba ta tambayi sunanta ba. Sai a 1978 duniya ta san ita ce Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee, kuma ta fito fili ta ce ba ta samu ko ƙwandala daga hoton ba. Shekara arba'in fuskarta tana tambarin talauci ba a taɓa jin ta bakinta ba. Wannan zalunci ne, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Afirka ta sha irin wannan fiye da kowa. Hotunan yaran Biyafara a 1968, da na yunwar Habasha da Mohamed Amin ya ɗauko daga Korem, BBC ta nuna a watan Oktoba na 1984, sun tara kuɗi mai yawa kuma sun ceci rayuka, ba mai musun haka. Sai dai hoton yaro mai kumburarren ciki ba ya nuna yaƙi da manufofin gwamnati da suka taimaka wajen haddasa yunwar Habasha, ba ya kuma nuna maƙwabta da ma'aikatan lafiya 'yan ƙasa da ke fama dare da rana. Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka nahiya ce guda ta zauna ta miƙa hannu.

Yanzu an ƙara wani ido, na tauraron ɗan'adam. Daga sama ana gane rufin ciyawa da na kwano, da hanya mai kwalta da ta burji, da girman gonaki, da hasken lantarki da dare. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford sun nuna cewa za a iya koya wa kwamfuta ta ƙiyasta wadatar yanki daga irin waɗannan alamu, suka gwada a Najeriya, Tanzaniya, Yuganda, Malawi da Ruwanda. A 2020, lokacin annobar korona, ƙasar Togo tare da ƙungiyar GiveDirectly da masana daga Jami'ar California ta Berkeley sun yi amfani da hotunan sama wajen zaɓo gundumomi 100 mafiya talauci, sannan aka duba yadda mutane ke amfani da waya don tantance waɗanda za a tura wa kuɗi ta shirin Novissi. Da masanan suka auna aikin daga baya, sun samu cewa hanyar ta fi a raba kuɗi bisa yanki kawai, amma ba ta kai cikakkiyar rajistar gida-gida ba, da a ce akwai ta. Wanda ba shi da waya kuwa, wannan tsari ba ya ganinsa.

A arewacin Najeriya ma an ga amfanin abin a yaƙi da shan-inna. A da, masu ɗiga wa yara magani suna aiki ne da taswirar da aka zana da hannu, kuma ƙananan ƙauyuka da rugage da dama ba sa cikinta, musamman waɗanda ke kan iyakar mazaɓu biyu, inda kowane ɓangare ke zaton na ɗaya ne. Daga wajen 2012 aka koma taswirar da aka haɗa daga hotunan tauraron ɗan'adam, sai ga matsugunan da aka daɗe ana tsallakewa. Amma hoton sama gini kawai yake nunawa. Sai da aka tura mutane da ƙafa suka tambayi mai unguwa sunan wurin da ko akwai mutane a ciki. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke amfani da kyamara a wajen rabon tallafi. Kowa ya san tsarin. A jera zawarawa da marayu a rana, a ɗora wa kowa buhun shinkafa ko kwalin taliya, a ce ɗago kai, a ɗauka, kafin magariba hoton yana Facebook. Wannan hoto bai koya wa kowa komai game da unguwar ba. Bai faɗi ko matar nan abinci ne babbar damuwarta, ko kuɗin haya, ko maganin hawan jini. Shaida ce kawai cewa mai bayarwa ya bayar, kuma da mutuncin mai karɓa aka biya kuɗinta. Addininmu da al'adarmu duk sun san darajar rufin asiri. Akwai magidancin da zai gwammace ya kwana da yunwa da surukansa su gan shi a layi, kuma irinsa ne ke ɓacewa daga jerin masu buƙata a duk inda kyamara ke jira a bakin ƙofa.

Alhali hanyar Yunnan ta dace da mu ƙwarai. Gida nawa ne aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, wanda jami'i namiji iyakarsa zaure? Abin da ke ciki, murhun da ke cika ɗaki da hayaƙi, da randar ruwa, da makwararar da ta toshe, da sana'ar da ake yi a tsakar gida, matar gidan ce kaɗai za ta iya nuna shi. Yau ba a bukatar fim, wayar da ke hannunta ko ta 'yarta ta isa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da ake bukata shi ne zama: a nemi yardar mai gida da ta matar, a bar ta ta zaɓi abin da za ta nuna da abin da za ta rufe, a tara su su tattauna, sannan a kai maganar gaban kansila ko ƙungiyar da ke riƙe da kuɗin.

A 2017 ƙungiyar Save the Children ta fitar da wani bincike inda ta koma ta tambayi mutanen da ta taɓa ɗauka a hoto a ƙasashe huɗu, har da Nijar. Da yawa ba su ƙi a ɗauke su ba, domin suna fatan abin ya jawo taimako. Abin da suka nema shi ne a bar su su yi magana da bakinsu, a faɗa musu inda hoton zai je, a kuma dawo a nuna musu shi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi arha, kuma shi aka fi mantawa. Takardar yarda da aka rubuta da Turanci ko Faransanci, aka sa mace ta dangwala yatsa a kai tana tsoron kada a cire sunanta daga rabon, ba yarda ba ce. A yi mata bayani da Hausa, a gaban wadda ta amince da ita, a kuma gaya mata tun farko cewa ko ta ƙi hoton, buhunta na nan.