Ko Kun Sani? Hasashen Guguwar da Ya Tada Gardamar Lissafi

A shekarar 1884 wani sajan na sojin Amurka, John Finley, ya wallafa sakamakon hasashen da ya riƙa yi kan mahaukaciyar guguwar nan ta tonado. Cikin hasashe 2,803 ya dace a 2,708, wato kashi 96.6 cikin ɗari. Kowa ya ji haka sai ya jinjina masa.

Ba a jima ba masanin duwatsu Grove Gilbert ya zauna ya tsefe alƙaluman. Ashe sau 51 kacal guguwar ta auku. Da mutum zai naɗe hannu, kullum ya ce "babu guguwa", da ya dace sau 2,752, kashi 98.2 ke nan. Ya zarce Finley alhali bai gargaɗi kowa ba!

Laifin na ma'auni ne. Lokuta 2,680 da aka ce lafiya kuma aka kwana lafiya, su suka kumbura makin. In aka ware su, ga abin da ya rage: gargaɗi 28 sun tabbata, 72 sun tashi a banza, sau 23 kuma guguwa ta faɗo ba sallama. Dacewa 28 cikin 123, kusan kashi 23.

Duk da haka Finley bai cancanci raini ba, domin ya hango fiye da rabin guguwowin. A wannan shekarar masanin falsafa Charles Peirce ya kawo ma'aunin da ke ɗebe kason lokutan lafiya da aka yi gargaɗin banza a cikinsu daga kason guguwar da aka hango. Da shi Finley ya sami 0.52, mai cewa "babu" kullum kuwa ya tashi da sifiri.