Charles Swift: Hafsan Sojan Ruwan Da Ya Kayar Da Gwamnatinsa A Kotu

A shekarar 2003, ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗora wa wani hafsan sojan ruwa, Laftanar-Kwamanda Charles Swift, aikin kare fursunonin da za a gurfanar a gaban kotunan soja na musamman a sansanin Guantanamo da ke tsibirin Kyuba. Wanda aka ba shi ya kare shi ne Salim Ahmed Hamdan, ɗan ƙasar Yaman, tsohon direban Usama bin Laden, wanda aka kama a Afganistan cikin watan Nuwamba na 2001. Sai dai aikin ya zo da sharaɗi: an ba Swift izinin ganawa da fursunan ne domin a daidaita yadda zai amsa laifinsa.

Da ma ba da aikin lauya Swift ya fara ba. Ya sauke karatu a kwalejin horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis a 1984, sa'an nan ya shafe shekaru yana aiki a jiragen ruwan soja. Daga bisani ya tafi birnin Seattle ya karanta shari'a, ya gama a 1994, ya koma rundunar a sashenta na lauyoyi, inda ya kare sojoji da dama a kotunan soja.

Da ya duba dokokin kotunan Guantanamo, waɗanda Shugaba George W. Bush ya kafa ba tare da izinin majalisa ba, sai ya ga ana iya fitar da wanda ake tuhuma daga zauren shari'a, a kuma yi amfani da shaidar da bai taɓa gani ba. Maimakon ya lallashi Hamdan ya amsa laifi, sai ya haɗa kai da Neal Katyal, malamin shari'a a jami'ar Georgetown, suka kai ƙarar sakataren tsaro Donald Rumsfeld a 2004.

Sun yi nasara a kotun farko, kotun ɗaukaka ƙara kuwa ta soke hukuncin. Amma a ranar 29 ga watan Yuni na 2006, Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 3, ta yanke cewa kotunan sun saɓa wa dokar shari'ar soja ta ƙasar da kuma yarjejeniyoyin Jeniba.

Murnar Swift ba ta daɗe ba. Kimanin makonni biyu bayan hukuncin, aka sanar da shi cewa babu sunansa cikin waɗanda za a ƙara wa girma. Bisa ƙa'idar rundunar, wannan na nufin ritayar dole, saboda haka ya tuɓe kaki a 2007. Masu kare haƙƙin bil'adama da yawa sun ɗauki lamarin tamkar ladabtarwa.

Duk da haka bai rabu da Hamdan ba. Bayan majalisa ta sake kafa kotunan da sabuwar doka, Swift ya tsaya masa a matsayin lauya farar hula a shari'ar 2008. Masu gabatar da ƙara sun nemi ɗaurin aƙalla shekara 30, amma hafsoshin da suka saurari shari'ar suka wanke shi daga laifin haɗa baki, suka same shi da laifin taimaka wa ta'addanci, suka ɗaure shi wata 66, aka kuma cire wata 61 da ya riga ya yi a tsare. An mayar da shi Yaman a watan Nuwamba na wannan shekara, kuma a 2012 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin baki ɗaya.

Swift ya koyar a jami'ar Emory, sa'an nan a 2014 ya karɓi jagorancin wata cibiyar lauyoyi da ke jihar Texas mai kare Musulmin Amurka. Yana cikin lauyoyin Noor Salman, matar mutumin da ya kai harin Orlando a 2016, wadda kotu ta wanke a watan Maris na 2018.