Filayen Tseren Motoci Na Rufewa Ɗaya Bayan Ɗaya a Amurka

A watan Yulin 2023 aka yi babbar gasa ta ƙarshe a filin Bandimere da ke gindin duwatsun jihar Colorado. Iyali ɗaya ne ke riƙe da filin tun 1958, amma gidaje sun yi ta matsowa har ƙarar injina ta rasa wurin zama. Kafin shi, filin Englishtown na jihar New Jersey ya daina irin wannan tsere a 2018, na Atlanta ya rufe a 2021, na Houston ya yi babbar gasarsa ta ƙarshe a 2022, daga baya aka mai da wurinsa unguwar masana'antu da ɗakunan ajiya.

Tseren da ake magana a kai shi ne na miƙaƙƙen layi: motoci biyu su jera, fitila ta ba da kore, wadda ta riga kaiwa ƙarshe ta ci. Hukumar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 don raba matasa da tseren ganganci a kan titi, ita ke shirya manyan gasanninsa. Motocin ajin Top Fuel suna shan wani mai da ake kira nitromethane, ƙarfinsu ya kai na doki 11,000, suna wuce kilomita 530 a awa, kuma kafin daƙiƙa huɗu an gama. Wanda ya tsaya a bakin fili yakan ji ƙasa na rawa, ƙirjinsa na bugawa, idanunsa na hawaye saboda hayaƙin man.

Talabijin ba ta iya ɗauko wannan. Mai kallo a gida ɗigo biyu kawai yake gani sun wuce, sannan a jira. Bayan kowane gudu sai an kwance inji an sake haɗa shi, idan kuma wani ya fashe ya zubar da mai, sai a tsaya gogar kwalta. Wasan da sai an je ake jin daɗinsa, idan aka rufe filin da ke kusa da gari, an toshe hanyar da sabon masoyi zai bi ya shigo. Uban da zai kai ɗansa a daren Juma'a ba zai tuƙa awa shida ba.

Tsofaffin masoya ma suna da ƙorafinsu. Bayan rasuwar direba Scott Kalitta a Englishtown a watan Yunin 2008, an rage tsawon tseren motoci mafiya gudu daga mita 402 zuwa 305. Matakin ya dace, domin rai ya fi komai, sai dai da yawa sun ji kamar an yanke wa wasan wani abu na asalinsa. Ga kuma tsada: a da makanike kan haɗa mota a garejinsa ya kara da manya, yanzu sai mai kamfani a bayansa. A 2020 Coca-Cola ta janye tallafin da ya sa sunan lemonta Mello Yello a kan gasar NHRA, har aka kai ga kotu.

NASCAR, mai tseren zagaye, ita ma ta ji jiki. Kimanin mutum miliyan 19 suka kalli gasar Daytona 500 a 2006. A 2023 ba su kai rabin haka ba. Filin Daytona kansa ya cire dubban kujeru, ya tsaya a 101,500. Fitattun direbobin NASCAR Jeff Gordon, Tony Stewart da Dale Earnhardt Jr. sun bar tuƙi na cikakken lokaci tsakanin 2015 da 2017, ba a kuma samu waɗanda sunansu ya kai nasu ba.

Amma ba za a ce mutane sun gaji da gudu ba. Formula 1 ta bunƙasa a Amurka bayan da Liberty Media ta saye ta a 2017 kuma Netflix ta fara shirin Drive to Survive a 2019, wanda ya sa masu kallo suka san direbobi da rigingimunsu kafin su san inji. Miami ta samu gasa a 2022, Las Vegas a 2023.

Abin da ya fi damun masu tseren layi shi ne alaƙar matasa da mota ta yi sanyi. Binciken Jami'ar Michigan ya nuna kusan kashi 46 cikin ɗari na 'yan shekara 16 ke da lasin tuƙi a 1983, amma a 2014 bai kai kashi 25 ba. Motocin yau kwamfuta ke sarrafa su, yaro ba zai buɗe gaban mota da sifana ya ƙara mata gudu kamar kakansa ba. NHRA na da ajin yara na Jr. Dragster tun 1992, sai dai yaran ma a irin waɗannan filaye da ake sayarwa suke koyon tuƙin.